Kafofin da Baba Ya Toshe

Ƙaura Namoda,
Yuli, 2000.

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata, Yaya Saudat,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Yaya Bilyaminu da mutanen Shinkafi baki ɗaya. Yaya nauyin jiki? Inna ta ce in tambaye ki ko ƙafar ta daina kumburi. Mu nan lafiya lau muke, sai godiyar Allah. Damina ta zauna sosai, geron Baba na hanyar Moriki har ya kai ƙugu.

Yaya, akwai maganar da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ko Hannatu, ƙawata da muke musayar littattafai, ba ta sani ba. Ki yi mini alkawarin ba za ki yi dariya ba, ko da yake na san sai kin yi. Kin tuna Injiniya Mahmuda, baƙon da Baba ya sauka a ɗakin zaure bara, lokacin da ake aikin kwalbatocin hanya? To, na so shi. Shi ke nan, na rubuta. Shi bai san ina yi ba. Ban ma jin ya riƙe sunana, don ranar da na miƙa masa buta "sannu Saliha" ya ce mini, na yi kwanaki ina jin haushin ƙanwar tamu alhali ba ta yi mini komai ba.

Kullum bayan la'asar sukan zauna a zaure, shi da Baba da magina. Ni kuma sai in ɗauki faifan wake in zauna bayan ƙofa, wai ina tsinta. A littattafan da nake karantawa, idan namiji ya buɗe baki sai maganar idanu da farin wata. Na yi ta jira in ji irin wannan. Yaya, mutumin nan ba ya maganar komai sai ƙasa! Laka, yashi, tsakuwa, marmara. Amma da yake muryarsa ce, duk abin da ya faɗa sai ya zauna mini a ka fiye da karatun makaranta.

Na ji yana cewa kafin a ɗora ko bulo ɗaya sai an haƙa an ga abin da ke ƙarƙashi, don fuskar ƙasa ba ta faɗin gaskiya. Yakan jiƙa ƙasa ya murza a tafin hannu. In ta miƙe kamar taliya ba ta tsinke ba, laka ce, mai kumbura da damina ta tsage da rani. Ya ce a bakin gulbi ƙasar sama lumbu-lumbu take, gina gada a kanta kamar a ɗora turmi a kan katifa ne. Shi ya sa suke kafa dogayen turaku na kankare da rodi, a yi ta buga su har su taka ƙasa mai tauri, ko kuma su yi nisan da ƙasa za ta riƙe jikinsu yadda hannu ke riƙe taɓarya. Na sha kwantawa ina maimaita wannan kamar waƙa. Kar ki ce komai.

Ba don in ba ki labarin zuciyata kaɗai na rubuto ba. Tun da kika tare ba ki ga bayan gidanmu ba. Kin san filin Wakili maƙwabcinmu ya fi namu tudu, ga shi ya ƙara masa cikon jar ƙasa. Namu filin na ƙasa kuwa Baba ya bayar an yi rumfar Islamiyya, don tun da aka fara Shari'a matan aure suka koma karatu. Har Inna tana zuwa da littafinta, in kin ga yadda take haɗa baƙi sai ta ba ki tausayi da dariya. Tsakanin filayen biyu akwai katangar da ke tare ƙasar Wakili, ta fi tsayin Baba. Injiniya ne ya zana ta, bai karɓi komai ba, ya ce saboda Allah. Ya sa aka yi mata gindi mai faɗi, aka zuba tsakuwa a bayanta, aka jera gajerun bututun roba a ƙasa-ƙasa. Abin da ya fi nanatawa shi ne, ba ƙasa ke kayar da irin wannan katanga ba, ruwan da ya taru a bayanta ya rasa hanya ne. Ya ce bututun nan su ne hancinta.

Da aka fara ruwan bana sai bututun suka riƙa tsiyaya, ruwa ja-ja-ja yana gangarowa kan tabarmi. Mata suka ce ai can sama ban ɗakin gidan Wakili yake. Aka tambayi Malam Haladu, mai koyar da mu, ya ce ruwan da ya canja launi, ya kuma fito daga wannan shiyya, ba a natsu da tsarkinsa ba, a nemi mafita. Bai ce a toshe ba. Amma kin san Baba da son aikin lada. Ya sayo siminti, ya bi kafofin nan ɗaya bayan ɗaya ya liƙe da hannunsa, ya shafe da farar ƙasa. Unguwa duka aka yi ta sa masa albarka.

Ni a sahun baya nake zama, kin san halina, ido a littafi hankali a wani wuri. Shi ya sa na riga kowa gani. Katangar ta jiƙe daga gindi har ƙirji, kuma wata siririyar tsaga ta ratsa ta a kwance.

Ga roƙona. Na ji an ce Injiniya yana aikin wata gada a wajen Zurmi, ta hanyar Birnin Tsaba, kuma Yaya Bilyaminu yana bin can da motarsa. Don Allah ki sa shi ya tsaya ya gaya masa an toshe bututun, ya ji abin da zai ce. Amma ya yi kamar daga gare shi maganar ta fito. Kada sunana ya shiga. Kin san yadda gari yake yanzu, a ce budurwa ta aika wa namiji saƙo, kafin a kai ga zancen katanga an gama da ni.

Ki gaishe da uwar mijinki. Ki ƙona takardar nan in kin gama.

Taki ƙanwa mai kewarki,
Nusaiba.

*

Ƙaura Namoda,
Agusta, 2000.

Yaya Saudat,

Assalamu alaikum. Da fatan kin tashi lafiya, da ke da abin da ke cikinki, Allah ya raba ku lafiya. Na ga amsarki, na gode da man shanun, Inna ma ta gode.

Ai na san sai kin yi dariya. "Injiniya matar Injiniya" ko? Na yafe miki. Abin da ban shirya wa ba shi ne layinki na ƙarshe, wai yana da mata a Gusau har da 'ya'ya tun kafin ya zo gidanmu. Na shiga ɗaki na ja zane na rufe kai, na yi kukan da ya kamata a yi, irin na littafi. Sai dai ban yi nisa ba na ji ruwa ya sauko a kan kwano, kawai na tsinci kaina ina tunanin inda ruwan nan yake taruwa. Ni kaina abin ya ba ni mamaki. Mutumin ya fita daga raina da sauƙi, maganarsa ce ta ƙi fita.

Na karanta abin da kika ce Yaya Bilyaminu ya gani a Zurmi: ƙaton ƙarfe ana ɗaga shi sama a sako shi a kan turke, ƙarar tana kaiwa har cikin gonaki, ana ta bugu sai turken ya ƙi shiga sannan a bar shi. Da ma ni na gani! Na kuma fahimci dalilin da ya hana Injiniya zuwa, gulbi yana cika, in bai gama kafa turakun ba ruwa zai kore su daga wurin. Saƙonsa kuwa yadda kika rubuto ba shi da kwana: a kwashe mutane daga gindin katangar tun yau, a ɗauke duk wani nauyi da ke samanta, a buɗe bututun, kuma kada a yaɓe tsagar.

To bari in gaya miki yadda saƙon ya isa kunnen Baba, don ina bayan ƙofa. Mijinki ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya durƙusa can nesa, kai a ƙasa. Ya gaishe shi da gida, da gona, da kasuwar Moriki, da farashin dawa, ya sake komowa kan gida. Da ya zo kan maganar sai muryarsa ta shige cikin riga. Abin da ya iya fitarwa shi ne wai Injiniya yana gaisuwa, ya ce a riƙa duba katanga. Baba ya ce madalla, Allah ya saka. Ban ga laifinsa ba, Yaya. Wane suruki ne zai dubi uban matarsa ya ce aikin da ka yi da hannunka shi ne ɓarnar? Amma washegari Baba ya duba katanga kamar yadda aka ce, ya ga tsagar, ya kira magini ya yaɓe ta sumul. Yanzu ta fi da kyau.

Kamar wannan bai isa ba, Wakili zai fara gini. Tifa ta juye masa yashi a can sama, daidai bakin katangar, an kuma jera bulo a gefensa.

Na gwada yi wa Inna maganar muna tankaɗe. Ta dube ni ta ce, wato littattafan soyayyar nawa yanzu sun koma koyar da gini? Ta ce aikin da mahaifina ya yi don Allah, Malam ya sa albarka, ni ce zan ce bai yi ba? Ta ce in yi ta kaina, in bar wa maza abin maza. Amma na lura da muka je karatu ta ja tabarmarta gaba kaɗan. Ita ma jikinta ya ba ta, baki ne ba za ta iya buɗewa ba.

Don kada ya zama idona ne ke yi mini gizo, na yi abin da na taɓa leƙowa na ga Injiniya yana yi. Na ɗauki zaren ɗinkin Inna na ɗaura masa tsohon kwaɗon ƙofa, na taka benci na rataya a ƙusar da ke can sama. In katanga a miƙe take, zaren zai bi jikinta har ƙasa. Ranar farko yatsuna biyu suka shiga tsakanin zaren da gindinta. Bayan ruwan nan mai ƙarfi na makon jiya na koma, tafin hannuna duka ya shige. Kanta yana sunkuyowa wajenmu, Yaya.

Kin san su wa ke zama a jikinta? 'Yan ajin su Saliha. Da yake a jiƙe take, sanyi gare ta, sai su jingina bayansu suna rige-rigen wuri. Na saya wa Saliha alewa na ce ta koma gaba, ta karɓa ta sha, washegari na same ta a inda take, wai ƙawayenta suna can.

Kin ce in yi haƙuri in yi addu'a. Ina yi. Amma na duba kowa na ga kowa da abin da ya ɗaure masa baki. Yaya Bilyaminu suruki ne. Ke 'yar fari ce, ko sunanki Baba ba ya kira, balle ki zauna ki yi masa gyara. Inna ba za ta yi ba. Saura ni. Ni da in Baba ya tambaye ni ina buta sai in nuna da hannu.

Ba zan iya faɗa da baki ba, kalmomin za su tsere. Rubutawa zan yi. Na san dole ya tambaya a ina na san wannan duka, kuma dole in ce a bayan ƙofa. Shi mai yiwuwa ya tsaya a kan rashin ladabin laɓe. Inna kuwa mace ce, kallo ɗaya za ta yi mini ta gane abin da ke zaunar da budurwa bayan ƙofa tana sauraron zancen tsakuwa. In ta gane, za ta ƙona littattafaina, wataƙila ma a ce makarantar bokon ta isa haka. Na auna wannan, na ji tsoronsa, har yanzu ina ji. Amma ba zan fasa ba.

Ki sa ni a addu'a. Ki ce wa Yaya Bilyaminu na gode da wahalar da ya yi, kada ya ji komai.

Ƙanwarki,
Nusaiba.

*

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Baba, ina gaishe ku da ladabi da biyayya. Da fatan kun tashi lafiya, da fatan ciwon bayan ya yi sauƙi. Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, ya sa albarka a gona da kasuwa.

Na san za ku yi mamakin ganin takarda daga wadda kuke gida ɗaya da ita. Ku gafarce ni. Maganar ta fi ƙarfin bakina ne, kuma ba ta jira.

Baba, katangar Islamiyya tana karkatowa, kuma in aka bar ta haka ina tsoron za ta faɗo a kan mutane. Ba sai kun yarda da maganata ba. Akwai zare rataye a ƙusa ta wajen tsakiya, da kwaɗo a bakinsa. Ku je ku sa hannunku tsakanin zaren da gindin katangar, ku ga abin da zai shige. Ku kuma dubi sabon yaɓen, ya fara tsagewa a inda ya tsage da.

Za ku ce a ina na san wannan. Bara, idan kuna hira da Injiniya Mahmuda a zaure, nakan zauna bayan ƙofa in saurara. Ba tarbiyyar da kuka yi mini ke nan ba, ina neman afuwa. Duk hukuncin da kuka ga ya dace da ni na karɓa. Amma abin da na ji na ji shi, ku ma kuna wurin. Ya ce bututun nan hanyar ruwa ce, in aka rufe su ruwan sama zai taru a bayan katanga ya yi ta turo ta, ƙasar ma in ta sha ruwa nauyinta ƙaruwa yake. Saƙon da ya ba Yaya Bilyaminu ya fi abin da ya iso gare ku. Nauyinku ne ya hana shi faɗa duka, kuma ni na sa aka tambayo, ta hannun Yaya Saudat. Kada ku ga laifinsu.

Ban ce kun yi kuskure da niyya ba, Baba. Kun ga mata suna ɗauke da littattafai masu sunan Allah, ruwan da ba a san tsarkinsa ba yana bin tabarminsu, kuka tashi kuka yi abin da kowa ya kasa yi. Maganar Malam Haladu ma gaskiya ce. Sai dai ina ganin akwai hanyar da za a kiyaye tsarkin ba tare da an tsare ruwan ba. In aka yi siririyar kwata ta siminti a gindin katangar, a saman ƙasa ba tare da an haƙa ba, don haƙa a gindinta ƙara raunana ta zai yi, ruwan zai bi ta ya fita zuwa kwazazzabo. Sai a rufe ta da falanki, a ja tabarmi gaba. Ko ɗigo ba zai taɓa kowa ba.

Amma wannan na baya ne. Abin da ya fi gaggawa shi ne kada kowa ya sake zama a rumfar nan. Tsakar gidanmu za ta ɗauki matan, yaran kuma a zaure. Ni zan share, ni zan kwaso tabarmi, ni zan mayar. Sannan a roƙi Wakili ya janye yashinsa da bulonsa daga bakin katangar, ku kaɗai yake jin nauyi a unguwar nan. Bayan haka a fasa simintin da ke bakin bututun. Ina roƙon kada ku yi da kanku. A sa magini, ya fara daga gefe inda take a miƙe, ya tsaya a gefen kafa ba a gabanta ba, kuma kada a bar yara su zo kallo. Ko an yi wannan duka, kada a koma ciki sai Injiniya ya gama aikinsa na Zurmi ya zo ya duba, don katangar da ta riga ta sunkuya ba ta miƙewa da kanta. Shi zai san ko tallafa mata za a yi ko sakewa.

Na san abin da wannan zai jawo muku. Mutanen da suka sa muku albarka su ne za su ga ana fasa aikinku, wasu kuma za su ce ɗiyarku ce ta sa. In kuna so, ba sai kowa ya ji daga ina maganar ta fito ba. Ni ba na neman a ce na iya. Saliha ce a jikin katangar nan kullum, bayanta a jingine, tana biya karatu da ƙarfi don Malam ya ji ta. Inna tana gabanta kaɗan.

Yau Asabar, hutun Alhamis da Juma'a ya ƙare, bayan azahar za a koma karatu. Ga gabas ta fara haɗa hadari tun da safe.

Da na yi niyyar in sa takardar nan a ƙarƙashin buzunku in gudu, ko in ba Saliha ta kawo. Na fasa. In na yi haka za ku iya ninke ta ku sa a aljihu sai kun dawo daga kasuwa, ni kuma in ce ai na yi nawa. Da hannuna zan kawo muku ita tare da kunu. Zan durƙusa a bakin ƙofa, kuma ku yi haƙuri, Baba, ba zan tashi ba sai kun karanta. In tabaranku ba ya kusa, ni zan karanta muku da bakina.

Allah ya ja da ranku, ya bar mana ku.

Ɗiyarku mai biyayya,
Nusaiba.

Ga shi na ji gyaran muryarku a zaure. Bari in ɗauko mayafina.